Bashi da Farfaɗowa a Adabin Hausa: Tsokaci Daga Fadan Kaje

1.0 Gabatarwa

Daminar 2023 ta zo wa manoman citta na kudancin Jihar Kaduna da annobar da ta sa ganyen shuka ya ƙone, saiwa kuma ta ruɓe a cikin ƙasa tun kafin lokacin tono. Cutar ta ratsa gonakin Kachiya da Jaba da Kagarko da Jama'a da Zangon Kataf, ta tsallaka har Filato da Nasarawa. Gwamnatin Tarayya ta ƙiyasta asarar a kan fiye da naira biliyan 12. Mai noman hatsi idan ya yi asara yakan sami ɗan abin da zai ajiye na iri, domin ƙwaya kaɗan ce ke shuka gona. Citta ba haka take ba. Saiwar da ake sayarwa ita ce ake yankawa a dasa, saboda haka wanda gonarsa ta ruɓe ya rasa amfanin bana, ya rasa irin baɗi, ga kuma kuɗin taki da na ƙwadago da ya karɓo a wuyansa.

Wannan maƙala ba ta aikin gona ba ce. Manufarta ita ce ta auna abin da harshen Hausa da adabinsa suka tanadar wa mutumin da ya sami kansa a irin wannan hali, wato wanda bashi ya riga ya hau kansa, yake neman hanyar saukewa da sake kafa jari. An zaɓi Fadan Kaje, da ke kusa da Zonkwa a Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, domin wuri ne da ya dace da gwajin. Mafi yawan mutanen garin Bajju ne, harshensu na gida Jju ne, amma da Hausa ake ciniki a kasuwa, da ita ake wa'azi a coci-coci da dama, da ita kuma ake sauraron sanarwar rance a rediyo. Idan akwai hikima a cikin maganganun Hausawa game da bashi, ya kamata ta yi aiki a nan, inda masu amfani da harshen ba su gaji al'adar da ta haifi maganganun ba.

2.0 Kalmomin Bashi

Kafin a taɓa adabi yana da kyau a dubi kayan da aka gina shi da su. Hausa ta bambanta aro da rance. Abin da aka ara shi ɗin ake mayarwa, kamar fartanya ko tabarma. Abin da aka ranta kuwa kwatankwacinsa ake mayarwa, kamar kuɗi ko mudun dawa. Bashi ya fi su faɗi, domin ya haɗa rance da sayen kaya ba a biya ba, har da haƙƙin da ba na kuɗi ba. Sai jingina, wadda ake danƙa gona ko kadara a hannun mai kuɗi har ranar biya, da lamuni, wanda a asali tsayawar wani ne a kan amanar wani. Polly Hill (1972), a nazarinta na Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta yi bayanin falle, wato karɓar kuɗi da damina a biya da dami da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha. Michael Watts (1983) ya nuna yadda irin wannan mu'amala ke mayar da yunwar shekara ɗaya ta zama talaucin shekaru a ƙauyukan Katsina ta arewa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne aikatau ɗin da ke tafiya da waɗannan sunaye. Bahaushe cin bashi yake yi. Aikatau ci, kamar yadda aka sani, yana da rassa da yawa a Hausa, ana cin kasuwa, ana cin sarauta, ana cin amana, amma a duk inda ya fito yana ɗauke da ƙanshin moriya: wanda ya ci, wani abu ya shiga cikinsa. Shi kuwa mai kuɗi bin bashi yake yi. A jimlar “Audu yana bin Tanko bashi”, Audu ne aikau, Tanko karɓau, wato tun daga ginin jimla an ajiye mai bashi a gaba ana biye da shi kamar abin farauta. Haka kuma ana cewa bashi ya yi wa mutum katutu, ko ya yi masa kanta, ko yana da taurin bashi. A ɗaya ɓangaren, na fita, kalmomin ba su da yawa: biya, sauke, yafe. Biya aikin rana ɗaya ne a harshe. Shekara uku ko huɗu da mutum zai yi yana ragewa, yana roƙon jinkiri, yana hana kansa nama, ba su da wata kalma tasu ta musamman, sai dai a ce yana fama.

Akwai tsohuwar kalma guda da ta saɓa wa wannan rabo, ita ce mabarci, jam'i mabarta, wadda ta fito daga saiwar bashi ta hanyar sauyawar /s/ zuwa /r/ a ƙarshen gaɓa, irin wadda ake gani tsakanin fitas da fitar. Ana amfani da ita ga mai bi da wanda ake bi. Kalma ce da ta ɗauki mutanen biyu a matsayin abokan igiya ɗaya, sai dai matasa ba su cika saninta ba a yau.

3.0 Karin Magana: Muryar Wa Ake Ji?

An daɗe ana tattara karin maganar Hausa, tun daga Merrick (1905) da Whitting (1940) zuwa Kirk-Greene (1966) da Yunusa (1977), amma yawancin rabe-raben da aka yi ta fuskar jigo ne ko sigar jimla. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: wa ke faɗar wannan magana, wa ake faɗa wa, kuma a wane lokaci? Idan aka yi wa karin maganar bashi wannan tambaya, sai a ga yawancinsu sun tsaya a wuri biyu, ko dai kafin a ci bashin, ko kuwa ranar da aka zo karɓa.

Dubi “cin bashi da daɗi, ranar biya da wuya”. Zubinta na ɓangare biyu ne masu kishiyantar juna, daɗi da wuya, ci da biya, kuma ƙarfinta yana cikin kalmar rana, wadda ta matse dukkan wahalar cikin yini guda mai zuwa. Gargaɗi ne mai kyau ga wanda bai karɓa ba tukuna. Ga wanda ya riga ya karɓa kuwa, ba ta da abin ba shi sai “ai na faɗa maka”. Haka “zanen aro ba ya rufe katara”, wadda ta ginu a kan zargin cewa mai aro ado yake nema. Ita kuwa “kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski” muryar mai bi ce tsantsa, tana rufe ƙofar uzuri: ka karɓa, sai ka yi, ko da ƙyama. “Alƙawari kaya ne” ma can ta dosa, ko da yake ta fi sauran tausayi, tunda ta yarda cewa abin yana da nauyi.

Guda ɗaya ce ta fita daban, ita ce “bashi hanji ne, yana cikin kowa”. Wannan, a ganina, tana cikin siffantawa mafi zurfi da Hausa ta mallaka, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Hanji a ɓoye yake, fata ta rufe shi, riga ta rufe fata. Sarki yana da shi, bara yana da shi. Ba abin ado ba ne, ba a son ganinsa, ba a son warinsa, amma ba a rayuwa sai da shi. Ba ya fitowa fili sai an farke ciki, kuma wanda aka farke wa ciki ya halaka. Da kalma shida an faɗi cewa bashi gama-gari ne, an faɗi cewa sirri ne, an kuma faɗi cewa tona shi kisa ne. Ita kaɗai ce mai bashi zai iya faɗa da bakinsa ba tare da ya zargi kansa ba. Sai dai ko ita ɗin ta'aziyya ce. Hasali ma idan aka bi siffantawar har ƙarshenta, sai ta ce ba a rabuwa da bashi, domin babu mai ajiye hanjinsa ya ci gaba da tafiya.

Za a iya cewa ai akwai karin maganar haƙuri da tattali, irin su “da yayyafi kogi kan cika” da “sannu ba ta hana zuwa”, kuma mai bashi zai iya jingina da su. Gaskiya ne. Amma waɗannan na kowa da kowa ne, ɗalibi da mai jinya da mai neman aure duk suna ɗauka. Ba a ƙera su don bashi ba, shi ya sa ba su san abin da ya bambanta bashi da sauran wahalhalu ba, wato cewa yana girma yayin da ake haƙurin. Yayyafi yana cika kogi idan babu mai janye ruwan. Rance mai kuɗin ruwa kuwa, wanda ya bi shi sannu yakan tarar an yi masa talala mai kamar sake.

4.0 Rubutaccen Adabi: Faɗuwa da Hali, Tashi da Sa'a

A rubutaccen adabi matsalar ta ɗauki wata siga. Marubutanmu sun ƙware wajen nuna karayar arziki. Wasan Shu'aibu Maƙarfi, Jatau Na Kyallu (1960), misali ne da kowane ɗalibin Hausa ya sani: mai wadata ya auri Kyallu, dukiya ta salwanta, aka bar shi da nadama. An tsara faɗuwar daki-daki, mai kallo yana ganin kowace tsani da aka sauka. Amma dalilin faɗuwar hali ne, kuma da zarar halin ya karɓi sakamakonsa wasan ya gama aikinsa. Abin da zai faru da Jatau washegari, wa zai fara biya, da me zai koma kasuwa, wa zai yarda ya ba shi kaya, ba ya cikin abin da marubucin ya ɗauka a matsayin labari. Ba laifin Maƙarfi ba ne shi kaɗai. Gargaɗi ya sa a gaba, kuma gargaɗi yana ƙarewa ne a bakin rami.

Inda kuma aka nuna tashi, sai a tarar ba da hannun mutum aka yi shi ba. A Ruwan Bagaja (1934) na Abubakar Imam, tauraron ya sha tsiya iri-iri a yawonsa, shi da Malam Zurƙe suna ramuwar gayya, amma wadatar da ya komo da ita ta zo ne ta hanyar abin al'ajabi da taimakon aljannu da tukuicin sarauta. Wannan ya dace da littafin, domin daga tatsuniya da labaran Gabas ya sha ruwa, kuma babu mai hankalin da zai nemi lissafin jari a cikinsa. Abin dubawa shi ne yadda wannan zubi ya zauna daram a ƙagaggun labaran da suka biyo baya, har da waɗanda ke iƙirarin nuna rayuwa ta zahiri. A littattafan da suka cika kasuwar Kano tun daga tsakiyar shekarun 1980, da finafinan da suka gaje su, talaka yakan fita daga ƙangi ne idan wani Alhaji ya gan shi ya ji tausayinsa, ko aka gano ashe ɗan masu kuɗi ne da ya ɓata, ko ya auri mai shi. Tsakanin babin tsiya da babin daula shafi ɗaya ne, wani lokaci ma jimla ɗaya: bayan shekara biyar.

Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya fi waɗannan kusa da ƙasa, tunda jigonsa jan kunne ne ga masu barin ƙauye su tafi birni neman abin da ba su ajiye ba, maganin da ya nuna kuwa shi ne riƙe gida da gona. To amma a nan ne ma'aunin Fadan Kaje ya fi tsanani. Manomin citta bai bar gida ba. Bai auri Kyallu ba. Ya yi duk abin da adabin gargaɗi ya ce a yi, ya tsaya a gonar ubansa, ya dasa a farkon damina, ya rufe kunya da ciyawa, ya yi noma a kan kari, kuma gonar ce ta jefa shi a bashi. Adabin da ya ɗauka cewa karayar arziki hukuncin hali ce ba shi da abin ce wa wannan mutum, in ma bai ƙara masa da zargi ba.

5.0 Bashin da Ba a Ci Ba

An fara noman citta don sayarwa a kudancin lardin Zazzau tun wajejen 1927, shekarar da Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen ƙasa, kuma tun daga lokacin amfanin ya zama abin da ake biyan kuɗin makaranta da sadaki da rufin kwano da shi a yankin. Noma ne mai cin jari. Ana zuba kuɗi tun daga Afrilu, ba a ganin komai sai wajen Nuwamba zuwa Disamba, sa'annan a tono, a tsaga, a shanya, a kai Kwoi ko Kachiya ko Kubacha. Watannin da ke tsakani da rance ake cike su: daga ƙungiyar gama-kai, daga ɗan'uwa mai albashi, ko daga ɗan kasuwar da zai ba da kuɗi yanzu a biya shi da buhu da kaka. Wannan na ƙarshe falle ne da Hill ta bayyana a Batagarawa, dami ne kawai ya koma buhu. Da annobar ta auku farashin citta ya ninka sau da dama, wanda ke nufin mai alƙawarin biya da buhu bashinsa ya ninka ba tare da an ƙara masa ko kwabo ba.

Ni da aikin koyarwa ya kawo wannan yanki daga ƙasar gero da dawa, abin da na fi lura da shi a bakin mutane shi ne yadda suke kauce wa aikatau ci. Za ka ji an ce “na karɓi kuɗin mutane”, ko “kuɗin ƙungiya yana kaina”, ko “na sa kuɗin a gona”. Mai saurin hukunci zai ce Hausar waɗanda ba Hausawa ba ce. Ina ganin gyara ne ake yi wa harshen, da sani ko ba da sani ba. Mutumin da ya binne rance a ƙasa ya ruɓe bai ci komai ba, kuma yana da gaskiya idan ya ƙi kalmar da ke cewa ya ci.

Akwai kalma ta biyu da ta yi ɓarna ta ɗaya gefen, ita ce tallafi. A Hausar rediyo da ta jami'an gwamnati, tallafi ya zama laima da ake rufe kyauta da rance da rangwame a ƙarƙashinta. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Anchor Borrowers a Jihar Kebbi cikin Nuwamba 2015, an yi ta kiransa tallafin noma. Babban Bankin Nijeriya ya fitar da fiye da naira tiriliyan 1 a ƙarƙashinsa. A farkon 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin 100 kawai aka mayar, Babban Bankin ya ce kashi 52 ne. Dalilan rashin biya suna da yawa, akwai ambaliya, akwai rashin tsaro, akwai manoman bogi, kuma ba zan ɗora wa kalma ɗaya nauyinsu duka ba. Amma wanda aka ce masa zo ka karɓi tallafi, aka dawo bayan shekara aka ce masa biya, yana da hujja ta harshe, domin a Hausa ba a bin tallafi. Sa'ad da aka ba da sanarwar naira biliyan 1.6 don farfaɗo da noman citta a 2024, da wannan kalma ɗin dai aka isar da labarin. Mu da muke horar da masu fassara a sassan harsuna muna da hannu a cikin wannan, kuma gyaransa bai fi ƙarfinmu ba.

Haka nan ƙa'idar rubutunmu ta haɗe riba ta ciniki, mai dogon wasali a gaɓar farko, da riba da shari'a ta haramta, mai gajere. A baki ba sa rikicewa. A takardar yarjejeniya kuwa harafi huɗu ne iri ɗaya, shi ya sa kuɗin ruwa ta fi aminci a duk rubutun da za a sa wa hannu.

6.0 Inda Hanyar Fita Take

Duk wannan ba ya nufin al'ummar ba ta san yadda ake fita daga bashi ba. Ta sani sarai. Sanin yana ajiye ne a wuraren da masu tarken adabi ba su cika leƙawa ba.

Na farko shi ne kalmar rufin asiri. Idan ka tambayi Bahaushe abin da yake roƙo bayan ya karye, ba zai ce arziki ba, zai ce Allah ya rufa asiri. Wannan ma'auni ne na daban da na tara dukiya: a ci a gidanka ba a ji kanku ba, ka fita ba ka canza hanya don gudun wani ba, a yi sallama da kai da asuba gabanka bai faɗi ba. Ta yi daidai da siffantawar hanji da aka gani a baya, kuma ita ce ke bayyana tsarin da mutane ke bi wajen biya, wanda masanin lissafi zai ga kamar ba shi da kan gado. Ana fara sallamar mai baki, wanda zai zo ƙofar gida ya ɗaga murya, ko da nasa kaɗan ne. Sai maƙwabci da mai shago, waɗanda gobe ma za a koma wurinsu. Ɗan'uwa na jini shi ne na ƙarshe, domin asirinka nasa ne. Masu ba da rance ta manhajar waya sun gane wannan fiye da marubutanmu. Makaminsu shi ne aika saƙon tozarci ga duk lambobin da ke cikin wayar mai bashi, abin da ya sa hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta kai wa wasunsu samame a Legas cikin Maris 2022. Farke ciki ke nan a fito da hanji.

Na biyu shi ne tsarin maigida da yaro a kasuwa. Abner Cohen (1969) ya nuna yadda fataucin shanu a Sabo ta Ibadan ya dogara a kan maigida, wanda ke tsaya wa mahauta su ɗauki dabba bashi, idan sun gaza shi zai biya baƙonsa. A irin wannan tsari jarin mutum na gaskiya shi ne a yarda da shi. Ɗan kasuwar da ya karye yakan koma ƙarƙashin wani, ya yi dillanci, ya karɓi kaya ya sayar ya kawo uwar kuɗi, har ranar da za a sake yanka masa jari. Akwai ƙasƙanci a ciki, akwai kishi, akwai jarrabawar amana ta shekaru, wato duk kayan da ake gina labari mai kyau da su. Abin mamaki ne a ce Kano, mai Kantin Kwari da Kurmi, ta fi rubuta labarin wanda ya tsinci jaka.

Na uku yana hannun mata. Adashi, wanda Nadel (1942) ya tarar da irinsa a ƙasar Nufe, Bascom (1952) kuma a ƙasar Yarbawa, shi ne ke juya yayyafi ya zama kogi a aikace, tunda yana tilasta zubi kuma yana ba da kwasa a dunƙule. Waƙar Barmani Choge mai kiran mata su kama sana'a tana cikin 'yan wuraren da adabin Hausa ya yi wa wanda ba shi da komai magana a kan abin da zai fara da shi gobe da safe, kuma ba mamaki da ta fito daga amada, ba daga alƙalami ba. A nan kudu, ƙungiyoyin zumuntar mata na coci suna yin aikin da ya yi kama da wannan, dabba kuma ita ce asusun gida: abin da akuya take ga matar Bahaushe, shi alade yake ga maƙwabciyarta, ga kuwa babbar kasuwarsa a Katsit ta Kafanchan. Sai dai annobar citta ta nuna iyakar adashi. An gina shi ne a kan zaton cewa ba za a faɗi gaba ɗaya ba, yau ni gobe ke. Idan duk masu zubi gonarsu ɗaya ce, cuta ɗaya ta same su a wata ɗaya, uwar adashi ba ta da wanda za ta bi. Gidan da ya fi saurin miƙewa a irin wannan shekara shi ne wanda tukunyarsa ba a kan murhu ɗaya take ba, mai ɗan masara ko gangamau a gefe, ko sana'ar mace, ko ɗa mai albashi. Ko albashin ma, abokan aiki a jami'o'in tarayya da suka yi wata takwas na yajin aikin 2022 ba a biya su ba sun san iyakarsa, sun kuma san yadda ake kallon mai shagon unguwa.

Littattafan addini biyu da ake karantawa da Hausa a wannan yanki sun fi adabinmu kula da tsakiyar labarin. A Alƙur'ani, aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Aya ta 280 ta yi umurni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Aya ta 60 ta Suratut Tauba kuma ta sa waɗanda bashi ya danne cikin masu haƙƙin zakka. A Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassararsa zuwa Hausa a 1932, sura ta 4 ta Littafin Sarakuna na Biyu ta kawo labarin gwauruwar da mai bin mijinta bashi zai kwashe 'ya'yanta biyu. Akwai mu'ujiza a ciki, amma abin lura ga mai nazarin zubi shi ne jerin matakan: an fara da tambayar abin da ya rage mata a ɗaka, aka aro tukwane wurin maƙwabta, aka sayar da mai, aka biya, aka rayu da saura. Mai wa'azi a Fadan Kaje da mai tafsiri a Kafanchan duk suna da nassin da za su yi wa mai bashi magana da shi a matsayin wanda ake so ya tashi. Malamin adabi da ya shiga aji a garuruwan nan, gaban 'ya'yan waɗannan manoma, abin da manhaja ta ba shi shi ne Jatau da zanen aro.